Sahadatou da Ƙunshi Goman Madam Zheng

Na san Sahadatou tun shekarar 1981, a gidan wani ma'aikacin ofishin jakadancinmu da ke Paris. An gayyace mu cin tuwon salla, aka kawo miyar kuka wadda ban sha irinta ba tun da na baro gida. Na tambayi wadda ta yi, aka ce wata Babarbariya ce daga Damagaram da suka zo da ita tana riƙe musu yara. Ni kuwa Ba'are ne daga Dogondoutchi, kuma kowa ya san wasan da ke tsakanin Arawa da Barebari. Na leƙa madafa na ce ashe bayinmu sun iya girki. Ko juyowa ba ta yi ba, ta ce in bawa ya ƙoshi ya zo ya wanke wa uwargijiyarsa kwanoni. Haka muka zauna da ita daga ranar.

Sunana Nouhou, amma ita Mushe take ce mini, wato Monsieur na Faransanci, saboda na yi lakwal a makarantar mishan ta garinmu kuma ina aikin buga takardu a wata ƙungiyar ƙasashen duniya. A mishan aka saba mana da rubuta kwanan wata a kan takarda kafin a rubuta komai. Ranakun da zan ambata nan gaba daga ajandata, littafin ranakuna, ta 1993 na kwaso su.

Sahadatou ba ta yi boko ba. Uwarta ungozoma ce a unguwar Birni ta Damagaram, a wajenta ta ga yadda ake riƙon mai jego. Da iyayen gidanta suka gama wa'adinsu suka koma Yamai a 1984, ita ta zauna, don ta riga ta auri wani direba mai suna Ɗan Juma. Shekara huɗu suka yi ya rasu, Allah bai ba su haihuwa ba. Ta kama ɗaki a hawa na huɗu a Aubervilliers, gefen Paris, ta sami aiki a wani babban sito na 'yan ƙasar Sin, waɗanda muke kira Shinuwa. Ana sauke jakunkunan mata da gyale da laima daga kwantena, ita tana jera su sha biyu-sha biyu a kwali. Mai siton wata mace ce, Madam Zheng, gajera mai saurin tafiya, wadda Faransancinta bai wuce ƙidaya da gaisuwa ba. Na Sahadatou ma bai fi haka da yawa ba. Da hannu da ido suka fi magana, kuma sun yi shekara uku a haka ba a ji kansu ba.

Wannan aikin ci da kai ne. Aikin da aka san ta da shi cikin Hausawan Paris shi ne wankan jego. A lokacin ba mu da yawa, in an haihu kowa ya ji. Matan 'yan kasuwa, matan ma'aikata, har da 'yan Nijeriya daga Kano da Katsina, duk ita suke kira. Tana da wata babbar tukunyar dalma da ke cin kai biyu na murhun gas, da kujera 'yar tsugune da take sa wa cikin bahon wanka. Ganyen dogon yaro da na sabara busassu suke iso mata cikin akwatunan matafiya. Ta tafasa ruwa da ganyen, ta tsoma damin ta fyaɗa wa mai jego a baya da ciki da ƙirji, safe da yamma, sannan ta dama mata kunun kanwa. Gidajen Faransa ba a gina su don wannan ba. Na san gida biyu da takardar bangon ta ɓamɓare saboda tururi, akwai kuma wani maƙwabci Bature da ya taɓa ƙwanƙwasa ƙofa yana tambaya ko gobara ce. Ba ta taɓa yanka wa kowa farashi ba. Turmin atamfa da sabulu, in an ba ta ta karɓa.

Hamida ɗiyar ƙanwata ce. Ta zo Faransa a 1992 wajen mijinta Chaibou, wanda yake karatu a jami'ar da ke Bron, kusa da Lyon, yana kuma sauke kaya a kasuwa da safe. Kafin ta zo ta taɓa haihuwa a Yamai. Ɗan ya yi kwana goma sha ɗaya aka kwantar da shi asibiti, bai dawo gida ba. Ba ta cika maganar ba, amma duk wanda ya san ta ya san abin yana nan tare da ita.

Ranar Talata 5 ga Oktoba 1993 ta haifi namiji, nauyinsa kilo uku da giram ɗari biyu. Uwarta ba ta sami biza ba, don haka na roƙi Sahadatou. Ta nemi hutu wajen Madam Zheng, ta ɗaure tukunyarta cikin zane, na raka ta tashar jirgin ƙasa. Aka sallamo Hamida ranar 11, washegari aka raɗa wa yaro suna Moctar.

Tun daga ƙofar asibiti aka ɗaure wa Sahadatou hannu. Jinin Hamida ya hau a ƙarshen cikin, likita ya rubuta a takarda kuma ya maimaita wa Chaibou da baki: ba gishiri, ba kanwa, ba ruwa mai ƙuna. Sahadatou ta buga mini waya tana faɗa, wai in an cire kanwa da ruwan zafi me ya saura na jego, ai sai a ce mata ta zo kallo. Na ce ta bi likita. Ta bi, amma ranta bai so ba. Ta surka ruwan ya zama ɗumi, ta dama kunu lami, ta zauna tana kallon Hamida.

Nono bai zo ba. Yana ɗan tsattsafowa, yaro ya kama ya ja ya saki ya yi ta kuka har ya gaji ya yi barci. Ranar Litinin 18 suka kai shi gidan awon jarirai na unguwa, ma'auni ya nuna kilo biyu da ɗari tara. Matar awo ta ce a riƙa ba shi madara a bibero, wato kwalbar jarirai, bayan kowane shan nono, a kawo shi Alhamis, a sake kawo shi Alhamis ta sama, 28 ga wata. In ranar bai koma nauyinsa na haihuwa ba, za ta rubuta a kwantar da shi asibiti. Chaibou ya gaya mini cewa da Hamida ta ji kalmar asibiti ba ta yi kuka ba, ta dai naɗe yaron, ta kasa ɗaura zanen goyo har Sahadatou ta karɓe shi. Biberon ma bai karɓe shi sosai ba, rabi yake sha ya dawo da wani.

A hanyar komawa gida Sahadatou ta tuna wani abu. Bara surukar Madam Zheng ta haihu, a gidan da ke saman siton. Wata guda cur yarinyar ba ta sauko ba. Kullum wani ƙamshin saiwoyi yana sauka ta matakala, da ta fito kuwa ga ta jawur, ga ɗa kamar an hura shi, nono har yana jiƙa mata riga. Ranar da yamma Sahadatou ta hau jirgi zuwa Paris. Da safe ta je sito, ta nuna ƙirjinta, ta girgiza kai, ta yi alamar jariri yana kuka. Madam Zheng ta gane nan take. Ta bar aiki, ta ja ta suka shiga metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, zuwa wani kanti na mutanensu, aka auna mata ƙunshi goma cikin farar takarda. Madam Zheng ta nuna tukunya, ta nuna ruwa, ta nuna wuta, ta ɗaga yatsa ɗaya, wato ƙunshi ɗaya kowace rana, sannan ta shafa ƙirjinta. Ta kuma rubuta bayani da rubutunsu a wata takarda, ta zana kwano uku, ta ja kibiya, ta zana kwano ɗaya. Talata da yamma Sahadatou tana Bron.

Ni ban je ba sai Asabar 23 ga wata. Na iso ƙarfe goma da rabi na safe. Awon Alhamis ya nuna giram talatin kawai yaro ya ƙara, gidan shiru kamar ana zaman makoki. Hamida ta gaishe ni, Kawu sannu da hanya, ta koma ɗaki. Wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi ya cika ko'ina. Na bi shi har makewayi, na tarar da Sahadatou tana wanke babbar tukunyarta bayan wankan safe. A gindin baho ga wasu jajayen 'ya'yan itace sun kumbura, ga yankakkun saiwoyi masu ruwan ɗorawa, ga wani farin abu kamar totuwar kara, ga ƙananan ƙwayoyi da suka fashe kamar gugguru.

Na tambaye ta mene ne wannan. Ta ce maganin Shinuwa ne, kwana uku ke nan tana yi wa Hamida wanka da shi safe da yamma, na yau ne ta raba ƙunshin jiya biyu don kada su ƙare. Jajayen nan magarya ce ta ƙasarsu, ta fi tamu girma, kuma ai ko a gida ana wanka da magarya. Na nemi takardar Madam Zheng. Rubutun ban san ko ɗigo ba, amma zanen ya tsaya mini a rai. Na ce wane irin wanka ne ake aunawa da kwano.

"Kai da ka yi lakwal ba ka ga surki ba?" in ji ta. "Uku na zafi, ɗaya na sanyi. Madam Zheng ma ta san ba a son ya yi ƙuna."

Na ce ni dai kibiyar nan ba ta yi mini kama da surki ba. Ta ce tun yaushe Arawa suka san jego, su da akuya ma ta fi su iya haihuwa. Chaibou yana tsaye bakin ƙofa. Na tambaye shi ko shi bai yi shakka ba, ya ce shi dai abin mata ne, kuma Inna Sahadatou ta yi wa mata fiye da talatin, wane shi ya sa baki. Na ce akwai Shinuwa a unguwar Guillotière ta cikin Lyon, a kai musu takardar su karanta, ba abin da zai ragu. Sahadatou ta yafa mayafi ta ce za ta bi ni don ta ga inda ƙaryar Ba'are za ta ƙare. Ta kwashi ƙunshi bakwai da suka saura cikin jaka.

Muka hau bas, muka sauya metiro, muka fito Guillotière. A bayan shagunan Larabawa akwai 'yan tituna na mutanen Asiya. Kanti na uku da muka shiga aka nuna mana wata tsohuwa a can ciki, bayanta bango ne na ƙananan aljihunan katako, gabanta ɗan ma'aunin tagulla na hannu. Sunanta Madam Ung. Asalinta Shinuwa ce amma a Kambodiya aka haife ta, ta yi makarantar sistoci, Faransancinta tsaf irin na da, wanda yanzu ba a jin irinsa ko a rediyo. Ta sa tabarau ta karanta takardar, ta buɗe ƙunshi ɗaya ta baje da yatsa, ta ce haɗi ne mai kyau, irin wanda ake yi wa macen da nononta ya yi jinkiri. Ta tambaya kwana nawa mai jegon ta yi tana sha.

Na juya maganar da Hausa. Sahadatou ta dube ni ta ce, "Sha?"

Na gaya wa Madam Ung abin da aka yi da ƙunshi ukun. Ta cire tabaran ta ajiye a hankali. Ba ta yi dariya ba. Ta bayyana cewa kwano uku na ruwa ake zubawa a ƙaramar tukunya, a dafa a wuta kaɗan har ya ƙone ya koma kwano ɗaya, shi mai jego za ta shanye. Sai ta tambaya, da gaske macen da ba ta yi sati uku da haihuwa ba ake yi wa wanka sau biyu a rana? A wajensu, in ji ta, mai jego wata guda take yi ba ta jiƙa kai, ba ta taɓa ruwan sanyi, ba ta fita iska, sai dai a goge mata jiki da ruwan citta.

Sahadatou ta sa na maimaita mata. Ta ce, "Wata guda ba wanka. Gaya mata mazansu suna da haƙuri."

Na fassara kamar yadda aka faɗa. Madam Ung ta ce, "Gaya mata mu miya muke dafawa, ba uwar ɗa ba."

Wannan ma na fassara. Suka dubi juna, Sahadatou ta yi wani ɗan guntun murmushi, ta jawo kujera ta zauna ba a ba ta ba.

Saura layi ɗaya a takardar. Madam Ung ta ce ba a dafa maganin shi kaɗai, da ƙafar alade ake haɗa shi da ɗanyar gyaɗa. Na tsaya ina neman yadda zan faɗa, amma ba a buƙace ni ba, don sunan alade da Faransanci yana cikin kalmomin da kowane Musulmi yake fara koya a ƙasar. Sahadatou ta fara tattara ƙunshinta. Madam Ung ta ɗora hannu a kan jakar. Ta ce ta shekara goma sha huɗu tana zaune tsakanin Larabawa, ta san wannan. Abin da ake so shi ne ƙashi da jijiya da za su narke cikin romo. Kifi yana yi, kaza tana yi, amma ƙafar maraƙi ta fi kusa, kuma ga mahauta Musulmi nan a bakin titi.

Sahadatou ta saki jakar. "Ƙafar sa? Ai ƙauri ne wannan."

Na yi wa Madam Ung bayani cewa mu ma muna da shi: kwana uku ko huɗu da haihuwa ake dafa ƙafafun sa da yaji har su yi lugub, mai jego ta ci ta sha romon. Ta tambaya to me ya hana a yi wa wannan. Sahadatou ta ce an hana ta gishiri da kanwa, ƙauri kuwa ba gishiri ba kanwa ba ƙauri ba ne, shi ya sa ta bar shi gaba ɗaya. Da Madam Ung ta ji dalilin hanin, wato hawan jini, sai ta canza fuska. Ta buɗe ƙunshi bakwai ɗin duka, ta ɗauki tsinke biyu irin na cin abincinsu, ta tsince wata saiwa guda daga kowanne. Ta ba ni ɗaya na tauna, zaƙi kamar rake. Ta ce wannan tana tayar da jini, ba ta dace da yarinyar ba. Sannan ta rubuta sunayen sauran da baƙaƙen Turawa, ta ce kada a ba ta ko cokali ɗaya sai wani ma'aikacin lafiya ya gani, kuma kada a daina bibero, don magani ba ya cika cikin jariri yau-yau.

Muka sayi ƙafa huɗu wajen wani mahauci ɗan Aljeriya, ya sassara mana su. Muka hau metiro, Sahadatou ta zauna kusa da ni. Ta riƙe jakar a cinya da hannu biyu. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Mushe, kwana uku na cinye wa yaron nan." Tun da na san ta wannan ne karo na farko da ta ba ni ƙofar tsokana ban shiga ba. Na ce saura kwana biyar kafin awo, a yi aiki da su.

Likita ba ya aiki Asabar da yamma. Chaibou ya kai takardar farmasin unguwa, mai farmasin ya duba littafinsa ya kuma buga wa ungozomar asibitin da aka haihu waya. Amsar da ta dawo ita ce ba su san maganin ba balle su yabe shi, amma ba su ga abin hanawa a ciki ba tun da an cire saiwar nan. A riƙa auna jinin Hamida kullum a farmasi. Abin da ungozomar ta fi nanatawa shi ne a sa yaro a nono duk bayan awa biyu ko da ba abin da ke fita, kuma uwar ta ci ta yi barci.

Sahadatou da kanta ta shiga ɗaki ta gaya wa Hamida kuskuren. Ban ji abin da suka ce ba. Na dai ji Hamida ta yi wata 'yar dariya, ta farko tun zuwana, ta ce shi ya sa take ta jin kanta tana ƙamshin abinci.

Aka ɗora babbar tukunya a kan kabad. Matar da ta saba da ruwan da mutum biyu ke ɗauka ta koma tsaye kan 'yar tukunyar shayi, tana auna kwano uku kamar mai auna zinariya. Ta fara dafa ƙafar daban har ta saki, ta ɗebi romon ta cika awon da shi, ta zuba ƙunshi da gyaɗa, ta rage wuta. Awa ɗaya da minti arba'in yake ɗauka kafin ya koma kwano ɗaya, na duba agogo. Ta ƙara citta da kanumfari da 'yar masoro, ta ce ko Shinuwa ba za su hana mutum yaji ba. Romon ya fito fari-fari mai kauri, yana kama leɓe. Hamida ta ce ba daɗi ba ɗaci, ta shanye, ta ci naman da hannu.

Na fasa komawa Paris, na buga wa ofis waya na nemi kwana huɗu. Aikina shi ne agogo da kai Hamida farmasi. Duk awa biyu in ce lokaci ya yi, Sahadatou ta ɗauko Moctar ta kai wa uwarsa, ta zauna ta gyara masa baki a nono, in ya gama ta ba shi biberon a hankali tana tsayawa yana gyatsa, ta goya shi ta rufe wa Hamida ƙofa. Baƙi masu zuwa barka ta tsayar da su a falo, ta ce mai jego tana barci, duk da a al'ada ba a yin haka, har wata Hajiya daga cikin gari ta tafi da fushi. Wanka ya koma sau ɗaya, da ruwan ɗumi zalla. Lahadi ba wani canji. Litinin ma haka, sai dai yaron ya daina dawo da madara. Talata da hantsi Hamida ta fito falo tana riƙe da gaban rigarta, ta ce, "Inna, duba." Rigar ta jiƙe wuri biyu. Sahadatou ta duba, ta ce alhamdulillahi, ta ce ta koma ta ba shi tun yana zuba, ta juya ta ci gaba da ɓare gyaɗa.

Har yau ban san wanne ya yi aikin ba, ko saiwoyin Madam Zheng, ko ƙafar maraƙi, ko barcin, ko awa biyu-biyun ungozoma. Na tambayi likitoci biyu daga baya, kowanne ya ba ni amsa daban.

Alhamis 28 ga wata, ƙarfe tara da kwata, mu huɗu muka shiga gidan awo. Matar awo ta tuɓe Moctar ta ɗora shi a ma'auni, yana ta harbin iska. Ta matsa ƙarfen awon gaba, ta dawo da shi baya kaɗan. Kilo uku da giram ɗari da arba'in. Saura sittin. Hamida ta iya lissafi, ta ga lambar kafin a faɗa, ta kama gefen tebur. Sahadatou tana ta taɓa ni da gwiwar hannu tana tambaya me aka ce, na ce ba a ce komai ba tukuna.

Matar ta buɗe littafin yaron ta sa ɗigo, ta haɗa shi da na Alhamis ɗin da ta wuce. Ta tambaya sau nawa yake jiƙa ƙyalle a rana, Chaibou ya ce shida ko bakwai. Ta ce Hamida ta ba shi nono a gabanta. Ta tsaya ta sunkuya tana sauraren yadda yake haɗiya, ta daɗe a haka. Sannan ta miƙe ta ce giram ɗari biyu da goma cikin sati ɗaya ba yaron asibiti ba ne. A tafi da shi gida, a kawo shi ranar Talata, tun da Litinin hutu ne. Ta tambaya me aka canza. Chaibou ya ce miya. Ta ce to a ci gaba da miya.

Na gaya wa Sahadatou. Ta karɓi yaron ta sa masa riga da kanta, ta ce sittin ɗin da suka rage nata ne, ita ta zubar da su a baho, kuma ita za ta mayar. Ranar Talata 2 ga Nuwamba ma'auni ya nuna kilo uku da ɗari biyu da tamanin. Ƙunshi sun ƙare, Chaibou ya koma wajen Madam Ung ta haɗa wasu biyar. A tsakiyar Nuwamba aka ajiye bibero.

Sahadatou ta zauna Bron har aka yi arba'in. Da ta dawo Paris ta zo gidana ranar Lahadi da ambulan da tambarin aikawa, ta ce in rubuta wa uwar Hamida wasiƙa da sunanta. Na rubuta kwanan wata, na rubuta gaisuwa, na rubuta cewa jika yana lafiya yana shan nono, jinin Hamida ya sauka. Na ce shi ke nan ko? Ta ce a'a, in rubuta cewa ta yi kwana uku tana wanke mata ɗiya da miya. Na ce wannan ba dole ba ne, ba wanda zai kai labarin Dogondoutchi.

"Rubuta," in ji ta. "Ɗiyarta ce. In ta ji a bakin wani za ta ce na ɓoye."

Na rubuta. Ta sa na karanta mata daga farko har ƙarshe, ta ce in ƙara cewa a gaida mutanen gida duka, har da awakin.